Ruwan da Muka Hana Na-Shagari

Da sunan Allah Mai jinƙai nake ɗora alƙalami, ina roƙonsa ya amfanar da wanda ya karanta da wanda aka karanta wa. Sunana Abdu, manomi ne ni a Bodinga, gero da dawa da damina, albasa da rani. Bokon da na sani kaɗan ne, da furfurata na same shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri.

Abin da ya zaunar da ni shi ne, ɗazu na shiga gaida maƙwabcina da zawo ya kayar, na tarar an fitar da randa daga ɗakinsa, leɓensa duk ya tsage. Na yi magana, matan gidan suka ce daga bayan zana wai haka aka gada. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ma haka na gada, kuma ƙiris ya rage gadon nan ya kai ɗana kushewa.

Haliru shi ne ɗana na fari. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunansa, ba na zama tabarma ɗaya da shi, in zan ba shi saƙo sai in faɗa ina kallon wani wuri, shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa. Uwarsa Kulu ta fi ni ma. Tun da aka yaye shi yayata Ige ta ɗauke shi zuwa Shagari, can ya girma a hannunta, shi ya sa a gidanmu ake ce masa Na-Shagari. Sai da ya zama saurayi ya dawo ya kama mini noma. Ba ƙi ba ne ya sa muke yin haka. Kunya ce, kuma a wurinmu ita ce mutunci.

Shekarar da abin ya faru Turawa suna nan daram, maganar mulkin kai ba ta wuce bakin 'yan kasuwa ba. Bazara ta yi tsanani, irin wadda ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa. Muna da lambun albasa a fadama wajen Dandin Mahe, ni da yayana Sambo, wanda shi ne babban gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Haliru ke kan jigo, yana ɗebo ruwa daga rijiya yana kwarara wa albasa tun safe har rana ta karya. Wata ranar kasuwa aka kawo shi bisa jaki, yana riƙe da ciki. Zawo da amai, kamar an tsinke bakin salka.

Sambo ya shigo ya tsaya a kansa, ya dube shi, ya juyo wurinmu.

"Kar kowa ya ba shi ruwa," in ji shi. "Ruwa shi ka ciyar da zawo. In ɗakinka na yoyo, hawa kakai bisa ka ƙara mashi tulu? A busar da cikin. Gasasshen gero da garin bagaruwa, shi ke nan."

Maganar ta shiga kunnena daram, don haka na ji kakanmu yana faɗa. Da hannuna na ɗauke tulun da ke ɗakin.

Kashegari da abin ya ƙi tsayawa na kai shi ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Mun tarar da layi ya zagaye bishiyar ƙofar ya fita rana. Tun hantsi muke tsaye har aka kira azahar, yaron yana zaune a ƙasa yana haki, ga mai tallar ruwa yana ta kai da kawowa a gabanmu. Da muka isa, dispensa ya ƙirga mana wasu fararen ƙwayoyi a takarda, ya ce, "Kowace ɗaya da ruwa cike da moɗa. In ya amayar, a jira kaɗan a sake ba shi. Ƙwayar nan ba ta son bushewa, kun ji ko? Na gaba!" Yana maganar idonsa na kan wanda ke bayana. Har yau ina cewa da ya tsaya ya gaya mini dalili, da wataƙila na ji. Amma gaskiya ita ce ya faɗa, kuma na ce to.

Da na maimaita wa Sambo, sai ya yi tsaki.

"Yaron En'en ga, shekarunai nawa? Ƙwaya tasu ta, ciki namu na. A ba shi da kurɓi guda, ta dai wuce maƙogwaro."

Haka muka yi ta yi. Ƙwaya da kurɓi guda, gero gasasshe a bisa.

Kulu ba ta da ikon shiga ɗakin, balle ta tambayi jikinsa a gaban mutane. Abin da take yi, sai ta ciko moɗa ta ajiye a bakin ƙofarsa kamar mantuwa ta yi, ta koma tana watsa wa kaji tsaba. Tana kallon kajin za ta ce, "Zahin ga, ko ku sai haki kukai. Bari in zuba maku ruwa kar ku mutu muna." Na san da wa take. Sai in je in ɗauke moɗar in mayar da ruwan randa, in ce, "Yaya ya hana." Ban san sau nawa muka yi wannan wasa da ita ba, tana ajiyewa ina ɗaukewa, babu wanda ya dubi idon wani.

Ruwan kirki ɗaya da ya shiga cikin yaron nan a makon, rubutu ne. Akwai wani malamin allo a Sifawa, abokina tun muna yara, da ya ji labari ya tako da kansa. Ya rubuta allo ya wanke a ƙwarya, ya cika ta fal. Sambo ya leƙa ya ce, "Malam, ruwan ga bai yi yawa ba? A rage."

Malam ya ɗago kai ya ce, "Sambo, kai zaka koya mani wankin allo? Tahi ka ji da albasarka."

Haliru ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ta ƙare, har da lashe gefenta. Na tsaya daga ƙofa ina jin daɗi, ina cewa a raina, kai, yaron nan akwai imani. Imanin yana nan, ban musa ba. Amma ƙishirwa nake kallo ban gane ta ba. Malam ya ci gaba da aiko da rubutu safe da yamma, kuma Allah kaɗai ya san abin da ƙwaryar nan ta tsare mana.

Ana nan sai zawo ya tsaya. Sambo ya fito zaure yana gyara hula. "Ba na hwaɗa maku ba? Ciki ya bushe." Muka yi ta hamdala, har Kulu ta yi sadakar waina.

To, ciki ya bushe, amma yaro bai tashi ba. Idanunsa suka faɗa, harshensa ya zama kamar tsohuwar fata. Ya daina neman ruwan ma. Sai barci, sai shaƙuwa mai girgiza shi, in ya farka ya riƙa maganar jigo da mutanen da ba su nan. Wata safiya Kulu ta ce, tana shara, "Butar can ta ƙohwa tai ƙura. Kwana da kwanaki ba a taɓa ta ba." Na ce to a wanke ta mana. Ku ji fa amsar da na bayar. Matar tana gaya mini yaron ya daina zagayawa bayan gida, ni kuwa ina maganar wankin buta.

Da shaƙuwar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ya kasa gane ƙanensa, sai na ce birni za mu. Albasar ba ta gama shan iska ba na kira dillali, ya taya ta tayin wulaƙanci, don ya ga idona ya san ba ni da lokacin ciniki. Muka tare lorin da ya fito daga kudu, aka ɗora mu bisa buhuna, ni da Sambo da mara lafiya, rana tana dukanmu har Sakkwato.

Asibitin birni kuma wata duniya ce. Mai gadi ya ce sai da kati. Mai kati ya ce ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya ce mu bi layi, layin kuwa ba a ganin ƙarshensa. Na ce masa yaron nan ba ya iya zama, ya ce duk waɗanda ke nan ba rawa suka zo ba. Allah ya kawo wani malamin asibiti mai farar riga, Malam Isa, zai wuce da tire a hannu. Ya tsaya, ya tsuguna, ya tsunkuli fatar cikin Haliru ya saki. Fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Sai ya daka wa masu ɗaukar marasa lafiya tsawa, aka shige da shi gaban kowa.

Likitan Bature ne, dogo, wuyansa ja wur saboda zafi. Ya tattaɓa yaron, ya buɗe bakinsa, ya yi tambaya, Malam Isa ya juya mana da Hausa.

"Likita ya ce yaushe rabonai da hitsari?"

Na dubi Sambo. Sambo ya dubi rufin ɗaki.

"Baba, da ku nike."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan hwarina na."

Malam Isa bai ko juya wa Bature wannan ba. Ya ce, "Baba, na san ɗan hwari, ni ma shi ni ke gidanmu. Ba a ce ka kira sunanai ba. Hitsari anka tambaye ka."

Na ce ban sani ba. Ya tambayi abin da yake sha, na faɗa. Ya tambayi ƙwayoyin, na nuna ragowar, na faɗi kurɓi guda. Da ya juya wa likita, Baturen ya ajiye abin awonsa a kan tebur da ƙarfi, ya yi magana mai tsawo. Malam Isa ya rage mata zafi kafin ya ba mu, na gane haka daga fuskarsa. Ya ce ƙoda ita ke tace dattin jini ta fitar da shi a fitsari, kuma da ruwa take wannan aiki. Zawo ya kwashe ruwan jiki, mu kuma mun hana a mayar. Ƙwayar da aka ce a sha da ruwa mai yawa ta je ta kwanta a ƙodar kamar yadda kanwa ke kwanta a gindin tukunya. Tsayawar zawon ma ba warkewa ba ce kaɗai, babu sauran abin da zai fito ne. Sai ya faɗi kalmar da ta zauna mini har yau: "Likita ya ce ƙoda ba ta aiki a bushe. In hitsari ya dawo, ɗanka ya tashi. In bai dawo ba, ba mu da maganinai cikin asibitin ga."

Sambo ya ce a hankali, "Amma dai zawon ya tsaya."

Na rantse da ba yayana ba ne, da ranar na faɗi abin da ba a faɗa.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza, aka rataya kwalba a kan ƙarfe, aka soka masa allura a jijiya, ruwa yana ɗiga. Malam Isa ya ce kwalaben ƙarin ruwan ba su da yawa, ga wasu suna jira, saboda haka da zarar ya farfaɗo dole ya koma sha da baki. Ya kawo wata farar buta ta ƙarfe mai marfi, cike da dafaffen ruwa da aka sa wa ɗan gishiri da sukari. Ya ce awo ne, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ta ƙare kafin la'asar. Ya kuma tura wata kwalba mai faɗin baki ƙarƙashin gado, ya ce duk abin da ya fito a tara a ciki a kai masa ya gani. Mai jinya ɗaya ake bari, kuma namiji.

Sambo ya tuna da cewa akwai sauran albasa a fili, ɓarayi kuma ba su da tausayi. Ya yi mana addu'a ya bi lorin yamma. Aka bar ni da ɗan da ban taɓa zama kusa da shi ba.

Ƙarin ruwan ya yi aiki, ya buɗe ido, ya gane ni, ya yi sauri ya kau da kai. Daga nan wahala ta soma. Sai in zuba ruwa a kofi in ajiye a kan akwatin gefen gado, in juya ina kallon taga, in ce wa iska, "An ce a sha ruwa." Shi kuma ya ce wa bango, "To." Ya jiƙa leɓe ya ajiye. Kwalbar ƙarƙashin gado kuwa, ni da shi mun yi kamar ba mu san da ita ba. Malam Isa yana da gadaje da yawa, ba zai zauna a kanmu ba. In ya wuce ya ce, "Ana sha?" sai in ce ana taɓawa.

Ranar Juma'a 'yan dubiya suka zo daga Bodinga da Sifawa, cike da mota, har da surukina, mahaifin Kulu. Suka kewaye gadon, kowa da maganinsa. Wannan ya ce a nemo hantar baƙar akuya, wancan ya ce iska ce ta fadama, a yi turare. Wani ma cewa ya yi a cire allurar nan, jinin Bature ake ɗura masa. Ana cikin haka aka kira la'asar. Famfon asibiti yana can nesa, ga layi a kansa. Sai surukina ya hangi farar buta, ya ɗaga ya ji ta da nauyi, ya ce, "Alhamdu lillahi, ga ruwa nan ma." Ya fita baranda da ita. Ya yi alwala ya miƙa wa na kusa, na kusa ya miƙa wa na bayansa. Ina tsaye ina kallo. Yaya zan buɗe baki in ce wa surukina ajiye, bai kai ga wanke ƙafa ba? Suka dawo da ita wayam, suka rufe marfin suka ajiye a wurinta.

Bayan sun tafi Malam Isa ya zo, ya girgiza buta, fuskarsa ta washe. "Madalla, Baba! Yau an yi aiki." Ya sunkuya ya jawo kwalba. Abin da ke ciki bai rufe gindinta ba, kuma ja ne kamar jiƙon kanwa. Murmushin ya ɗauke. Ya tafi ya zo da likita, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ya ce mini, "Likita ya ce in ya sha wanga ruwa duka bai hito ba, to ƙodar ta ruhe. In anka ci gaba da ba shi, kumbura zai yi, ruwan ya hau mashi ƙirji. Daga yanzu sai jiƙa baki." Aka ɗauke butar.

Kun ga inda muka kai. Da fari mu muka hana shi ruwa da jahilcinmu, yanzu kuma mun sa likita ya hana shi da iliminsa. Ni kuwa na yi shiru, don faɗin gaskiya tona asirin surukina ne.

Da safe sai ga Ige. Ba wanda ya aika mata, Sambo ya ce kada a tayar mata da hankali, a kasuwar Shagari ta ji a bakin masu albasa. Ta shigo da sandarta da ƙullin kayanta a ka, mai gadi yana bin ta yana cewa lokaci bai yi ba, ko waiwaye ba ta yi. Ta faɗa kan gadon tana shafa kansa. "Haliru na, Haliru na, mi sunka yi maka?" Ta dubi leɓensa ta ce, "Ina ruwa?"

Na ce likita ya hana, don jiya ya sha buta guda bai fitar ba.

A gadon da ke kusa akwai wani tsoho da raƙumi ya karya wa ƙafa, an rataye ta sama, ba abin da ke wuce idonsa. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, ba a sa ni ba, amma butar ga dai sallah ta yi jiya. Mutum bakwai ko takwas ta yi wa alwala. Yaron ko ɗigo bai gani ba."

Ige ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma ba ta tsaya gyara masa ba. Ta juyo ta dube ni irin kallon da take mini muna yara in na saki awaki cikin gonar mutane. Ta kama hannun rigata, da girmana da gemuna, ta ja ni har teburin Malam Isa. "Hwaɗa mashi," in ji ta.

Na faɗa. Malam Isa ya dafe kai da hannu biyu.

"Alwala! To, Allah shi karɓa. Baba, mu nan da abin da kunka hwaɗa muna muka aiki. Kun sa mun yanke ma yaro ruwa a lokacin da ya hi bukatatai. Don Allah, ku mutanen ga, mi za a yi da ku?"

Ya je ya gaya wa likita, na hango Baturen ya ɗaga hannu sama yana kallon rufi. Aka sake rataya kwalba guda, aka dawo da farar buta, wannan karon Malam Isa ya ɗaure marfinta da tsumma ja don baƙi su gane.

Ige ta zauna ta tallafi kansa, ta kai kofi bakinsa. Ya sha. Ya sha kamar ɗan maraƙi, tana cewa a hankali, a hankali. Na yi mamaki, don a hannuna jiƙa leɓe kawai yake yi. Na ga yana yi mata magana a kunne. Ba a jima ba aka buga ƙararrawa, mata su fita. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, aka ce doka ce. Ta ja ni baranda, inda ruwan alwalar jiya ya bar shaida a siminti.

"Abdu, ka san abin da yac ce mani? Ba ƙishirwa ta ba ya ji ba. Ya san in ya sha zai yi hitsari, kuma kai zaka ɗauka. Ya ce gara ya mutu da ubanai ya ɗauki kwalbatai ya ratsa mutane da ita."

Na ce, "To yaya zan yi, Yaya? Haka munka tashi."

"Kunya taku ta, kai da Kulu. Ɗa nawa na, ni na goye shi. An hana ni zama, saura kai. In ka bari kunya ta kashe mani shi, wallahi ko gawata kar ka zo." Ta ɗauki sandarta ta tafi gidan wata ƙawarta a birni, ta ce gobe tana tafe.

Na daɗe tsaye a barandar. Sannan na koma ciki. Ban tsaya wajen taga ba, na zauna a bakin gadon, har katifar ta lotsa. Ya ja ƙafarsa ya matsa. Na zuba ruwa a kofi. Na buɗe baki, sunan ya tsaya mini a wuya kamar ƙaya. Ni na raɗa masa shi a kunne ranar suna, tun daga ranar kuma bai sake bi ta bakina ba.

Na ce, "Haliru."

Ya waiga bayana yana neman wanda ya yi magana.

"Ni na. Tashi ka sha."

"Baba, na ƙoshi."

"Ba ka ƙoshi ba. Gwaggonka ta hwaɗa mani komi. Ka ji nan. Na ɗauki takin jaki bisa kaina zuwa gona, na kwashe na shanun Sambo shekara da shekaru ko na gode bai ce ba. Naka na zai gagare ni? Sha."

Tsohon mai karyayyar ƙafa ya ce daga gadonsa, "Sha, yaro. Ni ɗana ko leƙo ni bai yi ba."

Haliru ya rufe ido, hawaye suka gangaro, na ce a raina ashe akwai sauran ruwa a jikin. Ya buɗe baki. Na riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, in ya ji zuciyarsa na tashi mu dakata, in ta kwanta mu ci gaba. Don kada shirun ya kashe mu, na kama ba shi labarin dillalin da ya cuce ni a kan albasa. Har ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai da kun jira ni, Baba." Ranar na fara sanin yaron nan yana da ban dariya.

Butar ta ƙare kafin la'asar, kuma wannan karon cikinsa ta shiga. Muka jira. Ba abin da ya zo sai ɗan kaɗan mai duhu. Kashegari aka sake cikawa, muka sake shanyewa. Wajen azahar sai na ga yana mutsu-mutsu, yana satar kallon ƙarƙashin gado. Na jawo kwalbar na miƙa masa, na tashi na juya baya, na ware babbar rigata da hannu biyu na yi masa labule. Ina tsaye ina kallon mutanen ɗakin, su ma suna kallona. Sai na ji ƙara a cikin kwalba. Ta ɗan tsaya, ta ci gaba, ta yi ta yi. Na sha jin kiɗa da waƙa a duniya, ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗin wannan ba.

Na karɓi kwalbar da ɗuminta. Na yi niyyar rufe ta da gefen riga, sai na ga ban iya ba. Na ɗaga ta sama na ratsa tsakiyar ɗakin. Tsohon ya buga tafi yana cewa, "Barka! Barka da arziki!" Masu jinya suka kwashe da dariya, wani ya ce a yi guɗa. Malam Isa ya taso da sauri. "A hankali, Baba, kar ka zubar. Yau wagga ta hi albasarka tsada." Ya ɗaga ta wajen haske ya duba, ya ce, "Ƙoda ta buɗe."

Ba a nan jinyar ta ƙare ba. Bayan haka fitsarin ya riƙa zuwa da yawa har ya ba ni tsoro, aka ce haka ƙoda ke yi in tana farfaɗowa, a ƙara masa ruwa kada ya sake bushewa. Mun yi makonni, na san hanyar teburin Malam Isa kamar hanyar masallaci. Da aka sallame mu ruwan shuka ya riga ya sauka, Haliru kuwa ko fartanya ba ya iya ɗagawa, daminar nan ni da ƙannensa muka yi ta. Ina gode wa Malam Isa da likitan da ban san sunansa ba, da malamin Sifawa da ƙwaryarsa, da Ige, Allah ya jiƙanta. Mai katin nan kuwa na bar shi da Allah. Sambo har ya koma ga Mahaliccinsa yana gaya wa mutane bagaruwarsa ce ta tsayar da zawon.

Saboda haka ku da kuke jinya, ku ji daga wanda ya taɓa. Mai zawo da amai, ko mai zazzaɓi a bazara, a ba shi ruwa mai tsabta, a tafasa in da hali, kaɗan-kaɗan ba fasawa. In ruwa ya gundure shi a ba shi farau-farau ko kunu mai ruwa-ruwa. In aka ce ƙwaya da ruwa mai yawa, to da ruwa mai yawa ɗin. A riƙa tambayar fitsari, ko wane ne shi a wurinka. In ya ragu ko ya yi duhu, ko aka wuni babu, kada a tsaya jiran shaƙuwa, a tafi asibiti. In an je can kuma a bar awon ruwan a hannunsu, a gaya musu gaskiyar abin da aka sha, don akwai lokacin da su da kansu za su ce a rage. Ruwan mara lafiya kuma ba na alwala ba ne, ko wa ya zo.

Ranar da muka dawo gida Kulu ba ta fito tarye ba, ba a yi tsammanin za ta fito ba. Amma mun tarar da sabuwar randa a ƙofar ɗakinsa, da moɗa a kife bisa faifai. Da yamma tana watsa wa kaji tsaba ta ce, ba ta dube ni ba, "An ce ka kira sunan."

Na ce na kira.

"Ya amsa?"

Na ce ya amsa.

Ta ci gaba da watsa tsabar har bayan kajin sun ƙoshi.

Ban yar da kunya ba. A gaban mutane har yau Na-Shagari nake ce masa, ga shi da 'ya'yansa. A kan abu ɗaya ne kawai nake kiran sunan. Yanzu zan ajiye alƙalamin nan in koma gidan maƙwabcina, su yi fushi in sun ga dama, randar nan sai ta koma ɗaki. Ina jin motsin Na-Shagari a zaure, ya dawo daga lambu.

Haliru, ɗauko babban tulun, ka biyo ni.